Sanyin Da Ya Ƙi Barin Gida: Da Gaske A Banɗaki Ake Ɗaukarsa?

TAMBAYA: Ni matar aure ce, mu biyu ne a wurin maigida. Kusan shekara guda ke nan ina fama da fitar ruwa mai wari da ƙaiƙayi da ciwon mara. Na sha maganin kemis, na sha na gargajiya, sai ya lafa kwana biyu ya dawo. Mai kemis ya ce sanyin banɗaki ne, tunda masai ɗaya muke shiga da 'yan haya. Maigida ma ya taɓa kukan zafin fitsari, ya sha kafso ya ce ya warke. Tun haihuwar fari ban sake samun ciki ba. Da gaske a banɗaki ake ɗaukarsa? Yaya zan rabu da shi? A sakaya sunana. Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Kin kyauta da kika daure kika yi tambayar nan, domin mata da yawa suna haɗiye ta saboda kunya har sai ɓarna ta yi nisa.

Bari mu fara wanke banɗaki daga laifin da ba nasa ba. Ƙwayoyin cutar gonoriya da kilamidiya da tunjere ba sa jure zama a wajen jikin mutum, suna bushewa suke mutuwa. Hanyarsu ita ce saduwa, sai kuma daga uwa zuwa jariri, ko yana ciki ko wajen haihuwa. Tsugunawa a kan masai ba ta sa wa mace su, tururin shadda ma haka. Ƙazantar banɗaki tana da nata sharrin, kamar gudawa da taifot da tsutsar ciki, amma wannan wata magana ce daban. Abin da ke damuna da zancen sanyin banɗaki shi ne yana sa mace ta yi ta shan magani ita kaɗai, mijin kuwa ba wanda ya ce masa ya zo a duba shi.

Sai dai kada ki ɗauki wannan bayani ki je ki tayar da ƙura a gida, domin ba kowane ruwa ko ƙaiƙayi ne ake samu ta saduwa ba. Akwai wanda yake fita fari, guda-guda kamar tsinkakken kindirmo, da ƙaiƙayi mai tsanani. Wannan yawanci wata ƙwaya ce da dama can take zaune a jikin mace, sai ta yi yawa idan an samu juna biyu, ko ciwon suga, ko an cika shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ko budurwar da ba ta san namiji ba tana iya samunsa. Akwai kuma mai ƙarni, wanda yake biyo bayan rikicewar ƙwayoyin da ke tsare gaban mace. Yawan cusa sabulu da Dettol wajen tsarki, da matse-matsen kayan mata da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, duk suna jawo shi. Ruwa mai tsabta ya wadatar, kuma daga waje.

Amma abubuwa uku a wasiƙarki sun sa ba zan tsaya a nan ba: ciwon mara, zafin fitsarin maigida, da yadda ciwon yake tafiya yana dawowa. Waɗannan sun fi kama da irin sanyin da ake ɗauka ta saduwa. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da cututtuka huɗu da ake warkewa daga gare su, wato gonoriya, kilamidiya, tunjere da tirikomonas. Fiye da miliyan ɗaya ke nan a kowace rana.

Ga yadda abin yake zagayawa a gida irin naku. Kin sha magani, a ce ma ya dace, kin warke. Maigida ya sha kafso biyu ko uku, zafin ya ragu, ya ajiye sauran, alhali ƙwayar tana nan. Abokiyar zamanki kuwa mai yiwuwa ba ta jin komai, domin mata da yawa suna ɗauke da gonoriya ko kilamidiya ba tare da wata alama ba. Ranar girkinki ta zagayo, sai ciwon ya dawo sabo. Ke kina ganin magani ne bai yi ba, nan kuwa sake kamuwa kika yi. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a yi wa dukkanku magani a lokaci ɗaya, ku ukun, da mai alama da marar alama, sannan a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan kowa ya gama nasa. In an bar mutum ɗaya a baya, an yi aikin banza.

Kafin zuciya ta fara saƙe-saƙe, ki sani cewa ana iya ɗauke da wasu daga cikin cututtukan nan wata da watanni, tunjere ma shekaru, ba a sani ba. Mutum yana iya shigowa da cutar daga auren baya, namiji ne ko mace. Gwaji yana nuna akwai cuta, amma ba ya faɗin wanda ya fara kawo ta. Neman mai laifi ya hana gidaje da yawa samun lafiya.

Maganar kemis kuwa, a nan nake son ki saurare ni da kyau. Gonoriya ta daɗe da fin ƙarfin penisilin da kafson nan ja da yalo, kuma a wurare da yawa sifuro ma ta daina jin sa. Babban abin da ya jawo haka shi ne shan magani barkatai da yanke shi a tsakiya. Yanzu abin da aka fi dogara da shi allura ce mai suna seftiriyazon, kilamidiya kuma nata maganin daban, tirikomonas ma daban, tunjere ita ce har yau allurar penisilin ke kashewa. Mai kemis da bai duba ki ba, bai gwada komai ba, ta yaya zai san wacce ce a jikinki? Haka mai lasifika a bakin kasuwa da ke ɗaga jarka ɗaya yana cewa tana maganin sanyi da basir da rashin ƙarfi. Kuɗinki ne ke tafiya, ciwon kuma yana samun lokacin haurawa sama.

Haurawar nan ita ce abin tsoro. Idan ƙwayar ta wuce bakin mahaifa ta kai ga bututun da ƙwai ke bi, sai ta bar tabo a ciki. Tabon yana iya toshe hanya a rasa haihuwa, ko ciki ya zauna a bututun maimakon mahaifa, wanda in ya fashe rai ake nema. Ba na cewa abin da ya hana ki samun ciki ke nan, dalilai suna da yawa, har da na ɓangaren namiji. Amma ki faɗa wa likita wannan da bakinki, kada ki jira sai ya tambaya. Idan kuma ciwon marar ya tsananta da zazzaɓi, ko kin yi ɓatan wata ga ciwo a gefe guda da jiri, a ranar za ki tafi asibiti.

In kun je, ku nemi a haɗa da gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da tunjere, tunda hanyar shigarsu ɗaya. Duk wadda ta samu ciki a cikinku ta nemi a maimaita mata su a wajen awo, domin tunjere tana jawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai, gonoriya kuma tana iya makantar da jariri ta ciwon ido a kwanakin farko. Ana yi wa jariri rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kuma, tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara ba su rigakafin ƙwayar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, kyauta. Gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, abu ne mai kyau, sai dai takardarsa halin ranar da aka yi ta kawai take faɗa. Kwaroron roba ma yana rage kamuwa ƙwarai in an yi amfani da shi daidai.

Na san mafi wuyar aikin shi ne yi wa maigida magana. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban kowa ba, ki ce masa: "Ma'aikatan asibiti sun ce maganin ba ya ci sai an ba mu tare." Gaskiya ce kika faɗa, kuma babu zargi a ciki. In ya yi nauyin ƙafa, ki roƙi malamar asibiti ta rubuta masa 'yar takardar gayyata. Maganar abokiyar zamanki ta fi kyau ta fito daga bakinsa.

Kai kuma maigida, in wannan shafi ya iso hannunka, zafin fitsarin da ya lafa ba shaidar warkewa ba ce, kuma sanyin da aka bari yana iya tsuke maka mafitsara ko ya taɓa haihuwarka. Ka ɗauki iyalinka duka biyun ku je asibiti a makon nan.