Tsakanin "Babu Aiki" da "Babu Ma'aikata"

'Ya'yana, akwai wata gardama da ba ta tsufa a ƙasar nan, kuma a kanku ake yin ta. Masu mulki su ce matasa sun fi son zaman kashe wando, 'yan adawa su ce gwamnati ce ta kasa samar da aikin yi. A watan Afrilun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa a Landan cewa matasa da yawa ba su yi karatu ba, suna jiran a ba su komai kyauta don ƙasar tana da man fetur. Nan da nan aka ce ya kira ku ci-ma-zaune, ƙura ta tashi, ta lafa, mai neman aiki yana nan inda yake.

Duk wanda ya ce matsalar lalaci ce kawai bai yi muku adalci ba. A watan Maris na 2014, mutum sama da rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, har aka rasa rayuka a turmutsitsin filayen wasa. Rago ba ya sammako ya shiga irin wannan layi. Ku tambayi iyayenku yadda Kakuri take a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ko Sharada da Bompai da Challawa a Kano. Rashin wutar lantarki da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, ba ku ba. Alƙaluma ma kada su ruɗe ku. Hukumar ƙididdiga ta ce marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sai ga shi a 2023 sun koma 4.1. An dai sauya ma'auni ne, aka fara lissafa wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako cikin masu aiki.

To amma ku saurari ɗaya ɓangaren, ko da zai yi ɗaci. Ku leƙa manyan gine-ginen Abuja ku ga su wa ke shimfiɗa tayil da yin silin fiyofi. Da yawansu daga Togo da Jamhuriyar Benin suka zo. 'Yan kwangila sukan ce sun fi samun tsabtar aiki da cika alkawari a hannunsu. Ga gurbi a ƙofar gida, ga ɗan gida yana yawo da takardu a ambulan. Yaro ya shiga koyon walda ko haɗa sola, wata shida ya ga ya iya kama ƙarfe, sai ya bar maigidansa ya buɗe shago da rabin sani. Tela ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, daren jajibere ya kashe waya. Wannan kam babu gwamnatin da za a ɗora wa.

Na san wani gurbin albashinsa ne ya bar shi fanko. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, akwai aikin da kuɗin mota ke cinye ladansa kafin wata ya raba, kuma ba kowane mai kamfani ke biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Ƙin irin wannan aiki ba laifi ba ne. Sai dai kafin ka ƙi, ɗana, ka duba ko akwai abin da hannunka zai koya a wurin. Ƙaramin albashi tare da ƙwarewa ya fi alawus mai ƙarewa. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya riƙa ba da naira 30,000 a wata, kuma ya taimaki gidaje, amma da wa'adi ya cika, wanda ya koyi sana'a a tsakani shi ya tsaya da ƙafarsa.

Saboda haka, mai digiri kada ya ji kunyar ɗaura wa digirinsa sana'ar hannu. 'Yata, ke ma da ke nake: jinya, ɗinki, sarrafa abinci, aikin kwamfuta, duk ana neman gwanaye. Idan kun shiga koyo, ku zauna har maigida ya yaye ku da bakinsa. Ku zo a kan lokaci, ku faɗi ranar da za ku iya gamawa, ku mayar da canjin mutane. Ku guji bangar siyasa, don mai ba ku kuɗin mai ranar gangami ba zai tura ɗansa wurin ba. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi zancen wuta da kwalejojin koyon sana'a da bashin jari, ku kuma riƙe amsarsa har zaɓe na gaba.

Haƙƙinku ne ku nemi gyara daga shugabanni, amma kada jiran gyaran ya cinye muku ƙuruciya, don ƙarfin shekara ashirin ba ya dawowa. Hausawa sun ce babu maraya sai rago. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ci guminku ta hanyar halal.