Zafi da Ƙarkon Batirin Motar Lantarki

1.0 Gabatarwa

A jikin motar lantarki babu abin da ya kai batir tsada, saboda haka ƙarkonsa shi ne ƙarkon motar. Wannan maƙala za ta duba abin da ke tsofar da shi da hanyoyin kiyaye shi. Batun ya shafi ƙasar Hausa, domin a 2021 aka buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato.

2.0 Yadda Batir Ke Tsufa

Waɗannan motoci suna amfani ne da batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara kai wa kasuwa a 1991. A cikinsa ƙwayoyin litiyam ke kai da komo tsakanin ɓangarori biyu: in ana caji su tafi, in mota na tafiya su komo. Sai dai wasunsu kan maƙale a wani ɓawo da ke taruwa a ɓangaren da suke sauka, ba su ƙara komowa. Wato batir ba ya mutuwa farat ɗaya. Cikinsa ne ke raguwa, tamkar rijiyar da yashi ke cikewa. Shi ya sa kamfanoni da dama ke ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, bisa alkawarin ƙarfinsa ba zai gaza kashi 70 cikin ɗari ba.

3.0 Illar Zafi

Zafi yana hanzarta taruwar wannan ɓawo, ko da mota na ajiye. Misali, an fito da Nissan Leaf a 2010 ba tare da ruwan sanyaya batir ba. Zuwa 2012, masu ita a jihar Arizona ta Amurka, wadda hamada ce, suka fara kukan batirinsu na rauni da wuri. Wannan darasi ne ga Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara kan haura digiri 40.

4.0 Matakan Kiyayewa

(a) A ajiye mota a inuwa, a kuma yi caji da dare ko da asuba.

(b) A riƙe cajin yau da kullum tsakanin kashi 20 da 80. Barin batir a cike maƙil cikin zafi na cikin manyan abubuwan da ke cin ransa. Amma batirin LFP, mai sinadarin ƙarfe, ya fi jure cika.

(c) A keɓe cajin gaggawa ga doguwar tafiya, domin yana ɗumama batir. Sannu ba ta hana zuwa.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, tsufan batir ba makawa, amma saurinsa na hannun mai mota. Mai niyyar saye a ƙasa mai zafi, kafin ya tambayi gudunta, ya fara tambayar yadda ake sanyaya batirinta.