Kafin Ka Sayi Garmaho Mai Miƙaƙƙen Hannu

A gidaje da dama a Ikara da Maƙarfi da Kudan akwai akwatin fayafayan garmaho da iyaye suka bari: na Mamman Shata, na Ɗan Maraya Jos, har da na Indiya. Fayafayan sun tsira, injin ne ya mutu. Idan kana neman madadinsa a wajen masu kayan lantarki na hannu a Sabon Garin Zariya ko Kano, za ka iya cin karo da wani iri da hannunsa ba ya lanƙwasowa daga gefe. Miƙe yake, yana tafiya a kan sandar ƙarfe daga bakin faifai zuwa tsakiya, daidai yadda aka yanka faifan tun a masana'anta. Saboda haka allura ba ta karkacewa a cikin zaren waƙa, sauti ba ya dushewa sosai a waƙoƙin ƙarshe, faifai kuma ba ya saurin cinyewa.

Kamfanin Bang & Olufsen ya fito da Beogram 4000 a 1972, Technics kuma ya kawo SL-10 a 1979, wanda faɗinsa bai wuce kwalin faifai ba. Wato abin da za a miƙo maka yana iya haura shekara arba'in. Kada ka biya sai an kunna a gabanka, da faifanka, ka ga hannun ya kai ƙarshe ya komo da kansa.

In ya tsaya a hanya ko yana maimaita wuri ɗaya, yawanci abu biyu ne: ɗan ƙaramin bel ɗin da ke jan hannun ya saki, ko giris ɗin sandar ya daskare. Mai gyaran rediyo mai haƙuri zai goge tsohon giris, ya shafa sabo kaɗan, ya sauya bel. Kada a ɗiga masa baƙin mai, kuma kada ka tura hannun da yatsa, ƙaramin injin lantarki ne ke tafiyar da shi. Akwai kuma ɗan idon haske da ke gaya wa ƙaramin injin lokacin motsawa, ƙurar hunturu tana makantar da shi. A nan ƙasar tamu ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, don haka murfi a rufe kullum, da zane a sama.

Duba bayansa kafin ka soka a wuta. Na kasuwar Japan 100V ne, na Amurka 120V, tamu kuwa 230V. Ba taransifoma, ƙonewa zai yi nan take. Sitabilaiza ma wajibi ce, musamman da janareto.

Yawancin ƙananan Technics suna amfani da kan allura mai suna T4P, wanda ake sokawa a ɗaure da noti ɗaya, nauyinsa a kan faifai giram 1.25. Tambayi ko ana samun allurar kafin ciniki. Amfilifayarka kuma ta kasance da ramin Phono, in ba haka ba da ƙyar za ka ji muryar.

Gudunsa 33 da 45 ne kawai. Tsofaffin fayafayan nan masu nauyi da saurin fashewa, masu gudun 78, ba nasa ba ne, allurarsu daban ce. Sauran kuma ka jera su a tsaye, nesa da zafin kwano, domin faifan da ya lanƙwashe wannan inji ba ya karɓarsa da daɗi.