Babi na Tara: Sinadari Mai Dama da Hagu

Ɗaga hannuwanka biyu ka duba. Kowanne yatsu biyar ne, da tafi, da baya. Amma ɗora na dama a kan bayan na hagu, za ka ga babban yatsa ya kalli gabas, ɗaya ya kalli yamma. Hannun hagu shi ne hoton na dama a madubi.

Wasu sinadarai ma haka Allah ya yi su. Kayan haɗinsu ɗaya, adadinsu ɗaya, sai dai zaman da ƙwayoyinsu suka yi ya juya. Yawanci hakan na faruwa ne idan ƙwayar kabon, wato abin da ya fi yawa a gawayi, ta riƙe abubuwa huɗu daban-daban. Ido ba ya rarrabe su. Masana na aika wani tataccen haske ta cikin ruwansu, sai ɗaya ya karkata hasken dama, ɗaya hagu. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya gano a 1848 cewa sinadari kan zo da na dama da na hagu. Ya zauna da hantsaki da gilashi mai ƙara girman abu, yana ware ƙwayoyin wani gishiri ɗaya bayan ɗaya.

Hanci kuwa yana rarrabewa. Idan mai shayi a unguwar Lamisula ta Maiduguri ya jefa na'a-na'a a buta, ƙamshin da ke tashi na wani sinadari ne da masana ke ce wa carvone, ɗan dangin kabonil, wato masu kabon mai riƙe da oksijin da ɗauri biyu. Ɗan'uwansa na madubi yana cikin irin da Larabawa ke kira karawiya, kuma ƙamshinsu bai yi kama ba ko kaɗan. Dangin kabonil suna da yawa a gidajenmu: ƙamshin kirfa nasu ne, haka ruwan goge jan farce.

Inda zancen ya fi shafarmu shi ne magani. Lokacin hunturu, ƙura kan rufe Maiduguri, atishawa da yoyon hanci su yi yawa. Sai mutum ya je kantin magani a miƙo masa Cetirizine, ƙwaya mai miligiram 10. A cikinta akwai na dama da na hagu a gauraye, kuma ɗaya ne ke yin mafi yawan aikin. Da aka ware mai aikin shi kaɗai, sai aka sa masa suna Levocetirizine, ƙwayarsa miligiram 5. Wanda bai iya karatu ba zai ɗauka magani biyu ne daban, ya haɗa su ya sha. Ya ninka magani ɗaya ke nan, barci ya kama shi, alhali wataƙila Keke Napep yake tuƙawa zuwa Kasuwar Litinin. Haka Ofloxacin da Levofloxacin suke, haka maganin gyambon ciki Omeprazole da Esomeprazole.

Duniya ta sha wuya kafin ta ɗauki wannan ilimi da muhimmanci. A 1957 wani kamfani a Jamus ya fitar da Thalidomide, maganin barci da aka riƙa ba mata masu laulayin ciki. An janye shi a 1961, amma ya jawo an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama da nakasa, da yawansu da gajerun hannuwa da ƙafafu. Bincike ya nuna ɗaya daga cikin biyun ne aka fi zargi da ɓarnar. Amma ko da an ware su ba za a tsira ba, domin jiki da kansa yana juya wannan ya koma wancan. Shi ya sa mai juna biyu ba ta shan magani don maƙwabciya ta ce ya yi mata.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, karanta sunan da ke jikin kwali harafi-harafi, ka duba lambar miligiram da lambar NAFDAC. Idan likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya rubuta suna, mai kanti kuma ya ce wancan ya ƙare amma ga ɗan'uwansa, tambaye shi nawa za ka sha, sau nawa a rana. Idan bai gamsar da kai ba, koma da takardar wurin wanda ya rubuta ta.