Bishiyar Fayin: Abinci da Magani a Ƙasashen Sanyi

Ɗalibin da ya taɓa ziyartar Jos, ko dajin Afaka da ke kusa da Kaduna, wataƙila ya ga wata doguwar bishiya mai ganye siri-siri kamar allura. Sunanta fayin, kuma an shigo da ita ƙasarmu ne domin katako. Ita da danginta ba sa yin fure ko 'ya'ya irin na mangwaro. Irinsu yana zaune ne a cikin wani ƙwanso mai ɓawo hawa-hawa. A ƙasashen sanyi kuwa, wannan dangi ya daɗe yana ciyar da mutane ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ganye. A hunturun shekarar 1535 zuwa 1536, ƙanƙara ta tsare jiragen Jacques Cartier, ɗan Faransa, kusa da inda birnin Kwibek na Kanada yake a yau. Cutar sikabi ta kama mutanensa: dasashi ya kumbura, haƙora suka yi ta girgiɗi, har mutum 25 suka mutu cikin 110. Wani ɗan asalin ƙasar mai suna Domagaya ya nuna musu yadda ake dafa ganye da ɓawon wata bishiya ta wannan dangi. Suka sha ruwan, suka warke. Sai a 1932 masana suka tabbatar da sinadarin da ke hana cutar, wato bitamin C, wanda jiki ke buƙata wajen gina kolajin, abin da ke riƙe dasashi da jijiyoyin jini. Har yau ana shan shayin ganyen fayin, amma jiƙa shi ake yi a ruwan zafi, domin doguwar tafasa tana lalata bitamin ɗin.

Ta biyu ita ce ɓawon ciki. Ƙarƙashin ɓawon waje akwai wani farin shimfiɗi mai laushi, wanda ta cikinsa sukarin da ganye ya sarrafa yake sauka zuwa saiwa. Al'ummar Sami ta arewacin Turai sukan ɓare shi a farkon bazararsu, su bar wani sashe don kada bishiyar ta mutu. A yunwar da ta auka wa Finlan daga 1866 zuwa 1868, talakawa sun niƙa shi sun gauraya da garin hatsi, suka yi burodi.

Ta uku ita ce iri. Wani nau'in fayin na Italiya da Sifen yakan ɗauki shekara uku kafin ƙwansonsa ya nuna. Irinsa yana da mai sosai, kuma mutanen birnin Jenowa suna daka shi da tafarnuwa da cuku da man zaitun da ganyen wani ɗoɗɗoya, su yi miyar taliya.

To, amma fa a kula. A cikin dangin akwai bishiyar yiw, wadda ganyenta da irinta ke ɗauke da dafin taksin mai tsayar da bugun zuciya, kuma ta kashe mutane da dabbobi. Ganyen fayin na gaskiya yana fitowa ne a ɗaure, biyu ko uku ko biyar. Na yiw kuwa faffaɗa ne, ɗai-ɗai. Haka nan kasuwarina da ake dasawa a garuruwanmu ba fayin ba ce, ko da yake sun yi kama: abin da ake zaton ganyenta ne, ƙananan rassa ne masu gaɓa-gaɓa.

Malamai za su iya kawo rassan fayin da na kasuwarina aji, ɗalibai su ƙirga ganye, su zana bambancin. Kada a bar kowa ya ɗanɗana. Bitamin ɗin da ya ceci mutanen Cartier muna da shi a gida, a cikin garin 'ya'yan kuka da gwaiba da lemon tsami.