Garin Ganyen Teku Da Dawakin Hakimai

Akwai wani gari da a ke yi da busasshen ganyen teku, a ke sayarwa a gwangwani don a barbaɗa wa dawaki cikin dusa, wai ya sa gashinsu ya yi sheƙi. Ya kamata hakiman ƙasar Zuru, tun daga Dabai har Wasagu da Sakaba, su san hatsarinsa kafin wani ya kawo shi barga ana shirin hawan salla.

Ganyen nan cike ya ke da aidin, watau sinadarin nan da a ke haɗa maganin ciwo da shi. Doki yana bukatarsa, amma kaɗan ƙwarai: babban doki mai nauyin kilo 500 bai wuce miligiram 4 a yini ba. Kilo ɗaya kuwa na garin wasu irin ganyen yakan ƙunshi miligiram 1,000 ko fiye. Ashe wanda ya zuba giram 50, wajen cikin tafin hannu, ya ba dokinsa abin kwana goma sha biyu a ci ɗaya.

Goɗiya mai ciki ita ce abin tsoro. Aidin yakan ratsa mahaifa, ya kuma taru cikin nono. Uwar tana nan garas, sai a haifi duƙushi da maƙoƙo, ba ƙarfi, ƙafafu a lanƙwashe, wani ma ba ya kwana. A shekarar 1968 likitocin dabbobi na Amurka suka bayyana haka a bargar dawakin sukuwa, suka bi sawu har suka tarar ganyen teku ne cikin abincin goɗiyoyin.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ƙarancin aidin da yawansa duk maƙoƙo su ke kawowa. Sai mai kula da doki ya ga kumburi a wuya, ya ce rashi ne, ya ƙara garin, ya ƙara ɓarna. Ido ba ya rarrabewa, ko na tsohon shamaki.

Saboda haka in an ga kumburi, a tsai da garin nan da nan, a kira likitan dabbobi, a nuna masa gwangwanin. Malamin hakimi ya rubuta ranar da aka fara bayarwa da yawan abin da a ke zubawa. Gishirin kasuwa ma akwai aidin a cikinsa, sai a gaya wa likita nawa dokin ke lasa.