DARASI: TAFIYAR ƘASA DA KARE A YANKIN HAMADA

Mafarauci yana fita daji da karensa. Makiyayi ma yana bin garke da nasa. A wurare irin su Yusufari da Machina a Jihar Yobe, da ƙasar Agadas a Nijar, tafiyar takan bi ta cikin yashi, inda ruwa da inuwa suke da wuyar samu. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, zafin rana a waɗannan wurare yakan wuce digiri 40. Irin wannan zafi yana iya kashe kare a yini guda. Wannan darasi zai nuna yadda mutum zai tafi da karensa, su dawo gida lafiya.

Jikin kare da zafi

Idan mutum ya ji zafi, sai ya yi gumi, iska ta busa shi, jikinsa ya huce. Shi kare ba haka yake ba. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafarsa yake, kuma bai isa ya sanyaya shi ba. Hanyarsa ita ce haki. Yakan buɗe baki, ya zaro harshe, yana numfashi da sauri. Danshin bakinsa yana bushewa, yana tafiya da zafin jiki. Saboda haka duk lokacin da kare yake haki, ruwan jikinsa ne yake raguwa.

Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41, ransa yana cikin haɗari. Kuma kare gajere ne, cikinsa yana kusa da ƙasa. Hucin yashi ya fi dukansa fiye da mai shi.

Buzaye suna da wani kare da ake kira Azawak, da sunan wani yanki da ke tsakanin Mali da Nijar. Dogo ne, siriri, mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu. Yana jure zafi ƙwarai. Amma ko shi yakan nemi inuwa idan rana ta take. Ɗan kwikwiyo, da tsohon kare, da mai ƙiba, da karya mai ciki, bai kamata a yi doguwar tafiya da su ba.

Ruwa

Kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar kamar lita ɗaya ta ruwa a rana, ko ɗan fiye, idan yana zaune a gida. Lita ɗaya ta kai cikin kwalbar lemo uku. Idan ana tafiya cikin zafi, bukatarsa takan ninka. Don haka mai tafiya ya auna ruwansa, ya auna na karensa, sannan ya ƙara wani don ko-ta-kwana. A zuba a salka ko jarka, a ware wa kare ƙaramin kwanonsa daban.

A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kamar kowane rabin awa. Kada a jira sai ya galabaita. Idan ya kwankwaɗi ruwa da yawa lokaci guda, yana iya amayar da shi. A hana shi shan ruwan kududdufi wanda ya yi kore ko yake wari. Idan rabin ruwan guzuri ya ƙare, kuma babu tabbacin rijiya a gaba, sai a juya.

Lokacin tafiya

A tashi da asuba, a yi tafiya har hantsi. Idan rana ta yi tsaka, a nemi inuwa a zauna. Gawo yana da ganye da rani, don haka inuwarsa tana da amfani. Aduwa ma haka. Sai la'asar ta yi sanyi a ci gaba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Yashi ya fi iska zafi nesa ba kusa ba. Da tsakar rana yana iya kai digiri 60 ko fiye. Mutum yana da takalmi, kare ba shi da shi. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: mutum ya ɗora bayan hannunsa a kan yashi, ya ƙirga ɗaya zuwa bakwai a hankali. Idan ya kasa jurewa, to, tafin ƙafar kare ma zai ƙone.

Da hunturu kuma, a watannin Disamba da Janairu, dare a hamada yana da sanyi sosai. A shimfiɗa wa kare buhu, ya kwanta inda iska ba ta dukansa.

Ƙaya da maciji

Ƙarangiya da tsidau suna shiga tsakanin yatsun kare. Duk lokacin da aka zauna hutawa, a ɗaga ƙafafunsa huɗu a duba, a cire ƙaya. Da yamma a duba kunnuwa da wuya, a cire kaska.

Kare yana son cusa hanci a rami da gindin duhuwa. Nan ne kububuwa da kasa da kunama suke fakewa. A wurin da ake zaton akwai su, a riƙe shi da igiya. Idan maciji ya sare shi, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A ɗauke shi, kada a bar shi ya yi gudu, a nufi asibitin dabbobi da shi. Kada a ba kare ƙwayar maganin mutane, domin wasu suna yi masa lahani.

Idan zafi ya buge shi

Ga alamomin da za a lura da su:

1. Haki mai tsanani wanda ba ya lafawa.
2. Harshe da dasashi su yi ja wur.
3. Miyau mai kauri yana dalala.
4. Tangaɗi, ko amai, ko faɗuwa.

Da an ga haka, a tsaya nan take. A kai shi inuwa. A zuba masa ruwa mai sanyi a wuya, da ciki, da hammata, ana yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da buhu ko tsumma, domin suna riƙe zafi. Idan yana iya sha, a ba shi kaɗan. Idan ya suma, kada a ɗura masa, don kada ya shaƙe. A fara sanyaya shi tukuna, sannan a kai shi wurin likitan dabbobi, ko da ya farfaɗo.

Rigakafi

A daji kare yana gamuwa da dila da karnukan da ba su da masu su. Ta hanyar cizo ne ake ɗaukar ciwon haukan kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. A kai kare a yi masa allurar rigakafi kowace shekara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa har tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. An keɓe ranar 28 ga Satumba don tunatar da duniya wannan ciwo.

Kafin a bar gida, a gaya wa iyali hanyar da za a bi da ranar da za a dawo.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya kare yake rage zafin jikinsa?
2. Yaya ake gwada zafin yashi?
3. Rubuta alamomi uku na bugun zafi.
4. Minti nawa ake wanke cizon kare?